Darasi: Yadda Ake Auna Damuwar Yara da Matasa, da Yadda Ake Gane Ko Kulawa Ta Yi Amfani



Duk wanda ya taɓa aikin tamowa a cikinku ya san igiyar awon dantse. Kukan naɗa ta a hannun yaro, in bai kai santimita 11.5 ba ta nuna ja, in yana tsakanin 11.5 da 12.5 ta nuna ruwan ɗorawa, in ya wuce haka ta nuna kore. Da ita kuke sanin wanda za a ɗauka, da ita kuma kuke bin sawun murmurewarsa mako bayan mako. Uwa ba ta yi muku musu, domin da idonta take ganin launin.

To, yaron da aka ƙone garinsu a gabansa, ya daina barci, ko yarinyar da ta bar wasa da magana tun ranar da aka ɗauke mahaifinta, da wace igiya za a auna su? In kuma an yi wata biyu ana zama da su, ta yaya za a san zaman ya yi amfani? Waɗannan tambayoyi biyu su ne darasin yau. Ni ma'aikacin lafiya ne irinku, takardar shaidar aikin jinya gare ni, kuma abin da ke nan na koye shi ne a wajen horo da kuma bakin aiki.

Dalilin awo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin larurorin da ake gani a jikin manya sun fara ne kafin mai su ya wuce shekara 14. Wannan ƙiyasi na duniya ne baki ɗaya. A yankunan da muke aiki, daga Diffa da sansanin Sayam Forage zuwa Minawao a Kamaru da Baga Sola a Cadi, da garuruwan jihar Maraɗi da suka karɓi mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga 2019, yara sun ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu.

In babu awo, ido yakan tafi wajen mai hayaniya. Yaro mai faɗa da ƙiriniya kowa ya san da shi, ko da yake sau da yawa bulala yake samu maimakon taimako. Mai shiru kuwa, wanda ya lafe a gefen tabarma, yabo yake sha, a ce yaron nan akwai haƙuri. Awo yana sa a yi wa su biyun tambaya iri ɗaya.

Amfanin awo uku ne. Na farko, a gano yaron da ke bukatar a duba shi sosai. Na biyu, a san yawan bukata a gari ko sansani, domin a san ma'aikata nawa da zama nawa za a tanada. Na uku, a san ko kulawar da aka ba yaro ta sauya wani abu. Na ukun nan shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke hana mu ɓata wa iyali lokaci a kan abin da ba ya yi musu aiki.

Abubuwa uku da ake aunawa

Na farko su ne alamu: ɓacin rai da ya ƙi wucewa, faɗuwar gaba, firgita cikin barci, kuka ba dalili, saurin fushi, rashin natsuwa, komawa fitsarin kwance bayan an daina, ciwon kai ko ciwon ciki da aka rasa sanadinsa.

Na biyu shi ne tasirin alamun a rayuwar yau da kullum. Yana zuwa makaranta, ta boko ko ta allo? Yana riƙe karatu? Tana iya zuwa ɗibar ruwa da ƙawayenta? Yana cin abinci da sauran yara? Yara biyu suna iya samun alamu iri ɗaya, ɗaya yana tafiyar da harkarsa, ɗaya kuwa ya kasa fita ƙofar gida. Na biyun ya fi bukatar ku gaggauta.

Na uku shi ne abin dogaro: wane babba yake sakin jiki da shi, yana da aboki, yana taimakon ƙannensa, akwai abin da ya iya har ake yaba masa. Wanda ya rubuta matsala kaɗai ya rubuta rabin yaro, kuma da waɗannan abubuwan dogaro ake gina kulawa.

Ku fara da jiki

Kafin ku ɗauko takardar tambayoyi, ku yi aikinku na jinya. Ku taɓa jiki, ku duba cikin ido da tafin hannu saboda ƙarancin jini, ku auna tamowa, ku tambaya ko ya taɓa yin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da suma, ko sanƙarau, ko farfaɗiya. Yunwa kanta tana kawo kasala da saurin fushi. Yaron da ake cewa ba ya ji, wani lokaci da gaske kunnen ne ba ya ji, ya daɗe yana zubar da ruwa ba wanda ya kula. Ga matasa kuma, ku tambaya a keɓe game da tiramol da sholisho da maganin tari mai kodin, domin suna sauya barci da hali. Jagorar mhGAP, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010 ta sabunta a 2016 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, ta nanata wannan mataki: a duba jiki tare da duba zuciya.

Ma'aunan da za ku fi haɗuwa da su

Ma'auni a nan yana nufin jerin tambayoyi da aka tsara, aka gwada a kan mutane da yawa, kowace amsa da makinta. Guda huɗu ne suka fi yawo a ayyuka irin namu.

*SDQ.* Wani likitan ƙwaƙwalwar yara na Birtaniya, Robert Goodman, shi ya fitar da shi a 1997. Tambayoyi 25 ne, kashi biyar, kowane kashi tambaya biyar: damuwar zuciya, matsalar hali, rashin natsuwa, zama da tsara, da kyautata wa mutane. Kowace amsa tana ɗaukar maki 0 ko 1 ko 2. Kashi huɗu na farko ake haɗawa a sami jimillar matsala, daga 0 zuwa 40. Na biyar ana ajiye shi daban, domin shi alheri yake aunawa. Akwai takardar iyaye da ta malamai domin yara masu shekara 4 zuwa 17, akwai kuma wadda yaro ke amsawa da kansa daga shekara 11 zuwa 17. A rabon asali na takardar iyaye, 0 zuwa 13 yana cikin abin da aka saba gani, 14 zuwa 16 yana kan gaɓa, 17 zuwa sama kuwa yana bukatar bincike. Ku lura sosai wajen lissafi, domin tambayoyi biyar a cikin kashi huɗun nan an tsara su ne da yabo, saboda haka makinsu a juye yake.

*PHQ-9.* Tambayoyi 9 ne a kan ciwon baƙin ciki, game da mako biyu da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Akwai wanda aka daidaita domin matasa. Daga 5 ƙarami ne, daga 10 matsakaici, daga 15 ya fara tsanani, daga 20 mai tsanani. Tambaya ta tara a kan tunanin mutuwa ko cutar da kai take, kuma ita ana duba ta ita kaɗai, komai ƙanƙantar jimilla.

*GAD-7.* Tambayoyi 7 a kan fargaba da yawan tunani, shi ma na mako biyu, jimilla 21, da iyakoki a 5 da 10 da 15.

*CRIES-8.* An yi shi domin yara daga shekara 8 da suka ga wani abin firgici. Tambayoyi 8 ne game da kwana bakwai da suka wuce: huɗu a kan yadda abin ke dawo wa yaro a rai ba da sonsa ba, huɗu a kan yadda yake guje wa duk abin da zai tuna masa. Makin amsoshi 0 ne da 1 da 3 da 5, jimilla 40, kuma 17 zuwa sama alama ce ta a bincika. Kada ku yi gaggawar amfani da shi a kwanakin farko bayan hari. A cikin watan farko firgita da rashin barci abu ne da ake tsammani, kuma yara da yawa suna samun sauƙi in sun sami tsaro da abinci da kusanci da iyayensu.

Abu biyu nake so ku riƙe game da ma'aunan nan duka. Na ɗaya, maki ba ya sanya wa yaro sunan ciwo. Yana cewa ne kawai a zauna da yaron nan a duba shi da kyau, kuma ba ya ba kowa izinin rubuta magani. Jagorar mhGAP ta hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin ciwon baƙin ciki, ga matasa ma da zama da shawara ake farawa. Na biyu, iyakokin makin a wasu ƙasashe aka tsara su. Na SDQ an yanka su ne yadda kusan yaro 10 cikin 100 a Birtaniya zai faɗa rukunin sama. A sansanin da kowa ya gudo daga wuta, waɗanda za su haura iyakar suna iya fin haka yawa nesa ba kusa ba, kuma ba dukkansu ne marasa lafiya ba. Shi ya sa tambayar tasiri take da nauyi: ita ke rarrabe wanda ke cikin ɓacin rai yana tafiya da wanda ɓacin ran ya tsayar.

Akwai ma'auni na biyar da ba ya bukatar takarda daga ko'ina. Ku tambayi yaron, ko shi da mai kula da shi: wane abu ɗaya ne ya fi damunka, wanda kake so ya sauya? Ku rubuta shi da kalmominsa, sannan ya ba shi maki daga 0 zuwa 10. Wani zai ce yana so ya kwana bai farka da ihu ba, wata ta ce tana so ta koma makaranta. Wannan makin shi iyali suka fi ganewa, domin nasu ne.

Wa za a tambaya, kuma a ina?

Iyaye da malamai sun fi ganin abin da ke waje: faɗa, sata, rashin zama wuri ɗaya. Yaro ya fi sanin abin da ke ciki: tsoro, baƙin ciki, tunanin mutuwa. In amsoshinsu sun saɓa, kada ku ce wani ya yi ƙarya. Ku rubuta duka biyun, saɓanin kansa labari ne.

Na taɓa yin kuskure a nan. A farkon aikina na yi wa wani yaro mai shekara 12 tambayoyi mahaifinsa na zaune a gefe. Kansa na sunkuye, kowace tambaya sai ya ce babu. Makinsa ya fito ƙasa ƙwarai, na rubuta lafiya lau. Bayan 'yan makonni kakarsa ta same ni ta ce, “Malam, yaron nan fa tun da muka zo bai yi barcin kirki ba, a bakin ƙofa yake kwana a zaune.” Da na sake zama da shi, da izinin mahaifin, a gindin bishiya inda ana ganinmu amma ba a jin mu, sai ga amsoshi daban. A gaban uba, yaro mai tarbiyya ba ya kai ƙarar zuciyarsa. Laifin nawa ne da ban tanadar masa wuri ba.

Saboda haka ku kula da waɗannan. Sunkuyar da kai da ƙin haɗa ido da babba ladabi ne, kada ku lissafa shi cikin alamu. Uwa takan yi wa ɗan fari alkunya, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, wani lokaci ma a hannun kaka ko gwaggo ya tashi. In kun ga haka, ku nemi wadda ta raine shi ita ta amsa. Almajiri kuma, malaminsa ko gardin da ke kula da su ko uwar ɗakinsa sun fi iyayen da ke nesa sanin halin da yake ciki. Yarinyar da aka aurar tana da shekara 15, matashiya ce a wajen awo, mace 'yar'uwarta ce za ta zauna da ita, kuma ba a gaban miji ko uwar miji ba. A kowane hali ku nemi yardar mai kula da yaro, ku nemi ta yaron shi ma, ku gaya masa yana da damar ƙin amsa duk tambayar da ba ya so.

Harshe, lokaci, da kwano

Kalmar da kuka fara da ita tana iya rufe ƙofa. In kuka ce kun zo auna taɓin hankali, uwa za ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, kuma ta yi gaskiya. Ku ce kun zo tambaya a kan barcin yara da tunaninsu da yadda suke ji tun da aka baro gida. In iyali sun ce iska ce ko sammu, kada ku yi jayayya. Ku rubuta abin da suke gani da ido, ku tambayi abin da suka riga suka yi, ku nuna musu cewa zuwa wajen malam ba ya hana zuwa asibiti.

Ku yi amfani da fassarar da shugabannin aikinku suka amince da ita, ku karanta ta yadda take. Kowa in ya fassara da ka, tambaya ɗaya sai ta zama goma, makin wannan ma'aikaci ya kasa haɗuwa da na wancan. In yaron Barebari ne ko Bafulatani ko Bazabarme ko Shuwa, a sami tafinta wanda aka zauna da shi tun farko aka daidaita kalmomi, kuma kada ya kasance ɗan gidansu.

Lokaci ma sai an kawo shi kusa. Maimakon mako biyu, ku ce tun Juma'a biyu da suka wuce, ko tun kasuwa biyu. SDQ na farko yana tambaya ne a kan wata shida, sai ku ɗaure shi da abin da kowa ya sani, kamar girbi ko Sallah.

Ga wanda bai saba da zaɓen amsa ba, ku zana kwanuka a takarda: wayam, da ruwa kaɗan, da rabi, da cike. Yawan kwanukan ya zo daidai da yawan amsoshin ma'aunin, uku ga SDQ, huɗu ga sauran. Yaro ya nuna da yatsa. Wanda kunya ta hana shi furta magana, sau da yawa yatsansa yana faɗa.

Yadda ake gane ko kulawa ta yi amfani

Ƙa'idar guda ce da ta awon dantse: a auna kafin a fara, a auna ana cikin yi, a auna a ƙarshe, a sake aunawa bayan wata uku in hali ya yi. Ma'auni ɗaya, harshe ɗaya, mai amsa ɗaya. In uwa ce ta amsa a farko, kada uba ya amsa a ƙarshe. Wanda ya manta awon farko ya rasa abin da zai kwatanta da shi har abada, domin ba a komawa baya a auna jiya.

A ɗauki shirin EASE, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara domin yara masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai ne na yara a rukuni, da zama uku na masu kula da su. A irin wannan shiri, awon farko yana zuwa kafin zama na ɗaya, na ƙarshe kuma bayan na bakwai.

Ga misali domin koyo. A ce wata yarinya mai shekara 15 ta sami maki 16 a PHQ-9, burinta kuma shi ne ta koma zuwa rijiya da ƙawayenta, ta ba shi 2 cikin 10. Bayan mako huɗu makin ya dawo 12. Ya ragu da 4. Ƙa'idar da aka saba bi, wadda aka samo daga binciken manya, ita ce sai ragin ya kai 5 ake ɗaukarsa sauyi na haƙiƙa, domin maki yana ɗan hawa da sauka ko ba a yi komai ba. Don haka a nan sai a ce akwai alamar sauƙi, a ci gaba. Bayan mako takwas makin ya zama 7, burinta ya kai 7 cikin 10. Rabin 16 shi ne 8, ta sauka ƙasa da rabi, ke nan kulawa ta karɓe ta. Amma ba ta sauka ƙasa da 5 ba, inda ake cewa alamun sun kwanta, saboda haka ba a sallame ta a manta ba, za a sa mata ranar dawowa. Da a ce a mako na takwas tana nan a 15, ko ta hau 19, to lokacin sake shawara ya yi: a koma a duba jiki, a bincika ko akwai duka ko cin zarafi a gida, a kai maganar ga mai duba aikinku, a shirya turawa gaba.

Abubuwa huɗu suna yaudarar mai awo. Na ɗaya, iyali sukan kawo yaro ne ranar da abin ya fi tsanani, don haka awo na biyu yakan fi na farko kyau ko da ba ku yi komai ba. Na biyu, kara: yaron da ya saba da ku ba ya so ya kunyata ku, sai ya ce ya warke. In da hali, wani abokin aiki ya yi awon ƙarshe. Na uku, yanayi: tambayoyin barci da cin abinci suna sauyawa a watan azumi, damuwar gida kuma tana ƙaruwa a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ta ragu da kaka. Ku rubuta irin wannan a gefen makin. Na huɗu, wani lokaci maki yakan hau a awo na biyu saboda yaron ya fara yarda da ku, ya faɗi abin da ya ɓoye a farko. Ku tambaye shi kafin ku yanke cewa ya ƙara lalacewa.

Alamun da ba sa jiran lissafi

Ku ajiye alƙalami ku ɗauki mataki a ranar, komai makin, in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- yaro ya ce yana tunanin kashe kansa, ko ya taɓa gwadawa;
- ya daina ci da sha, ko ya daina magana gaba ɗaya;
- yana jin muryoyi ko ganin abin da ba a gani, ko ya rikice farat ɗaya, musamman da zazzaɓi;
- akwai alamar fyaɗe, ko duka mai tsanani, ko an ɗaure shi da mari;
- yana suma ko jijjiga.

Kada ku ji tsoron yin tambayar mutuwa kai tsaye, cikin natsuwa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi yake ji da aka tambaye shi. In ya amsa da e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a sanar da babban da ya amince da shi, a kai shi asibiti mafi kusa, ko likita kamar yadda ake cewa a Nijar. Daga can ake turawa manyan wurare irin asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri da Kware da Kaduna, ko sashen ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa da ke Yamai. Ku san hanyar turawa ta yankinku tun kafin ku yi wa yaro na farko tambaya. Bai dace a buɗe wa yaro ciwo ba alhali ba a san inda za a kai shi ba.

Sirri da takarda

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da yaro ya faɗa muku amana ce. Ku sa lamba a takardar awo maimakon suna, littafin da ya haɗa lamba da suna ya zauna a kulle, kuma kada a ɗauki hoton takarda a tura ta WhatsApp. Tun farkon zama ku gaya wa yaro iyakar sirrin: ba za ku faɗa wa kowa ba, sai in ransa ko na wani yana cikin haɗari, kuma ko a nan ma za ku fara gaya masa.

Mutanenmu masu tafiya ne. Iyalin da kuka fara da su a Ɗan Isa suna iya wayar gari a Jibiya, na Illela su koma Ƙonni. Ku ba mai kula da yaro ɗan kati mai ɗauke da kwanan wata da sunan ma'auni da maki da wanda ya amsa, ba tare da labarin abin da ya faru ba. Lambobi iri ɗaya ne ga wanda ya yi karatu da Turanci da wanda ya yi da Faransanci, don haka ma'aikacin da ke can zai ɗora daga inda kuka tsaya.

Rahoton gaskiya

A ce kun ɗauki yara 40, 25 suka kai ƙarshe, 18 daga cikinsu suka sami sauƙi. In kuka raba 18 da 25 za ku ce kashi 72 cikin ɗari. In kuka raba da 40, kashi 45 ne. Ku rubuta lambobin uku duka, ku bi sawun 15 ɗin nan. Wasu sun yi ƙaura, wasu talla ko gona ta hana su, wasu kuwa sun daina zuwa ne domin abin bai yi musu ba, ko sun fi kowa jin jiki. Ku raba lissafin maza da mata, da ƙanana da manya, domin shiri yana iya yi wa samari amfani ya bar 'yan mata a baya. Rahoton da aka yi wa kwalliya yana faranta wa ofis rai na wata ɗaya, amma yaran shekara mai zuwa su za su biya, domin za a sake ba su abin da bai yi aiki ba.

Tambayoyin bita

Ku tattauna waɗannan da abokan aikinku kafin zama na gaba:

1. Uwa ta ba ɗanta maki 19 a SDQ, malaminsa kuma ya ce bai ga komai ba. Me za ku tambaya, kuma wa za ku tambaya?
2. Matashi ya sami maki 4 a PHQ-9, amma ya amsa tambaya ta tara da 1. Mene ne matakinku na ranar?
3. Yarinya ta fara da 14, ta dawo 11 bayan mako shida, amma ta koma makaranta. Me za ku rubuta, me kuma za ku gaya wa kakarta?
4. A garinku, wane abu kowa ya sani da za ku ɗaure wata shida da shi?

A wannan mako kowannenku ya zauna da abokin aikinsa, ɗaya ya zama yaro ɗaya ya yi tambaya, ku lissafa makin kowa shi kaɗai sannan ku kwatanta. In lissafinku ya saɓa, ku nemo inda aka rabu kafin ku je gaban yaro na gaske. Allah Ya ba yaranmu lafiya da kwanciyar rai, Ya kuma yi wa aikinku albarka.